Tarihin Lissafin Lokaci da Tsarin Aiki a Yammacin Zamfara

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suke ratsawa, mutane sun daɗe suna tsara ayyukansu da lissafi iri uku a lokaci guda: na damina da rani domin gona, na wata domin ibada, da na kwana bakwai domin kasuwa. Manomin garin Nasarawa Burkullu na dā bai san agogo ba, bai kuma riƙe takardar da ya jera ayyukansa a kai ba, amma da wuya ranar shuka ko ranar biyan bashi ta kuɓuce masa. Dalili shi ne, tsarin aikin ba a kan mutum ɗaya yake ba. Gari ne gaba ɗaya yake riƙe da shi.

Lissafin gona shi ne mafi tsufa. Shekara ta kasu zuwa bazara da damina da kaka da rani, da hunturu a cikin ranin, kuma kowane yanki da aikinsa. Da bazara ake sharar gona da kai taki, wasu ma su yi binne tun kafin ruwa ya sauka. Ruwan shuka yana faɗuwa sai kowa ya bar abin da yake yi ya nufi gona, domin jinkirin kwana biyu yana iya raba mutum da amfanin shekara. Daga nan sai noman fari, sai maimai, sai huɗa. Gero ne ke fara nuna, a ci tumu a kori yunwa, dawa kuwa sai iska ta juya. Wannan jeri ba ya karɓar sauyi, kuma shi ya koya wa mutane bambanta aikin da ba ya jira da wanda za a iya ɗagawa. Jinka da yaɓen ɗaki da saƙar zana da bikin aure, duk akan tura su zuwa bayan an cika rumbu.

Matsalar ita ce, watan Musulunci ba ya tafiya tare da damina. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, saboda haka watan Azumi kan faɗo yau cikin zafin bazara, bayan wasu shekaru kuma cikin sanyin hunturu. Watannin Cika-ciki da Gani da Azumin Tsofaffi da Layya sun isa su tsara ibada da shagulgula, amma ba sa gaya wa manomi ranar da zai daina shuka. A nan ne malamai suka shigo da lissafin taurari da suka samo daga littattafan Larabci. An raba shekarar rana zuwa taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14, jimla 365. Nasara da Ɗarfa da Jabaha su ne na tsakiyar damina, lokacin marka. Manomi ba sai ya iya lissafin da kansa ba. Ya isa ya tambayi malam a zaure ko a ƙofar masallaci wane tauraro ake ciki da kwana nawa ya rage masa. Talakan da bai yi karatu ba shi ma yana da nasa alamomin sama: Kaza da 'Ya'yanta, da Gamzaki da ke tada matafiyi kafin asuba, da dawowar shamuwa da ke nuna damina ta kusa.

Tsarin yini kuwa, salla ce ta yanka shi. Asuba da azahar da la'asar da magariba da lisha su ne ginshiƙai, tsakaninsu kuma akwai hantsi da walaha da rana tsaka da la'asar sakaliya. Littattafan fikihun Malikiyya irin su Risala sun ƙayyade lokacin azahar da la'asar da tsawon inuwa, don haka ladan da malami kan auna inuwarsu da tafin ƙafa. Wannan shi ne agogon gari na ɗaruruwan shekaru. Ya ƙara ƙarfi a Zamfara tun zaman wa'azi na kimanin shekara biyar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi a ƙasar a ƙarshen ƙarni na 18, da jihadin da ya fara a 1804. Har gobe idan aka ce a haɗu bayan la'asar, alkawarin ya fi na ƙarfe huɗu tabbata.

Inda tsarin ya fi ban sha'awa shi ne cikin gandu. Maigida ne ke da ikon raba aiki: shi yake faɗin gonar da za a shiga gobe, da wanda zai kora shanu, da wanda zai je kasuwa. 'Ya'ya da ƙanne kan yi aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar, a kawo musu fura ko tuwo a gona, yamma kuma ta zama tasu, kowa ya nufi gayaunarsa. Wannan rabo ya warware rikicin da ke tsakanin haƙƙin gida da buƙatar kai ba tare da an rubuta komai ba. Tsarin ya shafi bayi ma. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, ya rubuta cewa bayin gona kan yi wa iyayen gijinsu aiki zuwa tsakar rana, sauran yinin kuma su yi nasu. Idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a kira gayya. A sa rana, a dafa abinci, makaɗan noma su zo da ganguna, samari su jeru a kan kunya suna tsere. Kiɗan nan shi ke daidaita saran fartanya, kirari kuma shi ke hana rago komawa baya. Mai gayya ya san ya ci bashi, kuma ranar da maƙwabcinsa ya kira tasa dole ya je.

Mako kuwa kasuwa ce ta ba shi siffa. Garuruwan yankin sun raba ranakun ci a tsakaninsu, ta yadda ɗan koli ko mai awo zai iya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, kuma kasuwar Nasarawa Burkullu tana cikin manyansu. Ranar kasuwa ce wa'adin bashi, ita ce ranar zubin adashi da aika saƙo da ɗaukar ɗinki wajen tela. Makarantar allo ita ma tana da makonta, ana hutun Alhamis da Juma'a. Ƙidaya ana yin ta da ka ko da abin da ido ke gani. A zamanin wuri, keso guda wuri 20,000 ne. Mai sayar da fura ko ƙuli-ƙuli a cikin gida takan ja zane a bango da gawayi kan kowane bashi, ta goge idan an biya. Attajiri mai hali kan ajiye malami ya rubuta masa da ajami.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka zo da lissafi na huɗu: agogo, da watannin Janairu zuwa Disamba, da hutun Lahadi. Talaka ya fara jin nauyinsa ta hanyar haraji da jangali, waɗanda ake karɓa a ƙayyadadden lokaci da rasit. Da jirgin ƙasa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya ƙara ɗaure manoman Zamfara da ranakun buɗe awo da rufe shi. Rediyo ya yi abin da agogon hannu bai yi ba, domin Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da gidan rediyon Kaduna na 1962 sun sa mutanen ƙauye sun san ƙarfe nawa ta shirin da ake yi. Makarantun firamare na shirin UPE na 1976 suka yaɗa boko, littafin rubutu na 'yan makaranta ya zama littafin bashi a kanti, kalanda mai ɗauke da kwanan wata biyu ta hau bangon shago. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kori na gabansa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yana jiran albashi da watan Bature, ya ɗauki azumi da ganin wata, ya kuma yi shuka da saukar ruwa.

Wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001 ta kuma isa ƙauyuka daga baya, ita ce ta fi saurin karɓuwa, saboda ba ta buƙatar iya rubutu. Da ita ake jin farashin hatsi kafin a ɗaura kaya, da ita ake sa ƙararrawar sahur, saƙon murya kuma ya maye gurbin ɗan aike. Rashin tsaro ya gwada ƙarfin wannan duka. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. A cikin makonnin nan mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun rasa ranar kasuwa da waya a tare, suka koma ga kiran salla da saƙon baka, kuma da su aka tsara girbin geron wannan shekarar.