Mdou Moctar: daga Azawak zuwa Amurka, ta hanyar Sakkwato

Kwarin nan da ya ratsa ƙasar Kurfai ta Filinge, wanda ake kira Dallol Boso, kansa yana can arewa a Azawak. Ta cikinsa ne tun kaka da kakanni bisashe da hatsi da labarai ke kai da kawowa tsakanin Abzinawa da Hausawan Kurfai. Shi ya sa idan saurayi a Sanam ko Abala ya kunna waƙar Mdou Moctar a wayarsa, kiɗan maƙwabta yake saurare, ko da kuwa a yau sunan mai shi ya fi yawo a jaridun Amurka da Turai.

Sunansa na yanka Mahamadu Sulaimane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980, a ƙasar Abalak da Cintabaradan cikin jihar Tawa, a gidan da ke riƙo da addini, inda ba a ɗauki kiɗa sana'ar ɗan mutunci ba. Zamanin ƙuruciyarsa shi ne zamanin tawayen Abzinawa, wanda ya ɓarke a 1990 aka kashe wutarsa da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. A lokacin ne waƙoƙin jita na samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya ke yawo a kaset, hannu zuwa hannu, a ɓoye. Jigon wannan kiɗa a Nijar shi ne Abdallah Oumbadougou, kuma ganin wasansa ne ya sa wa yaron sha'awa. Da yake ba mai saya masa jita, sai ya sassaƙa tasa da katako, ya ɗaura mata wayoyin birkin keke. Bahago ne, da hagu ya koya, da ita yake kaɗawa har yau. Shi ma daga baya ya bi sawun ƴan'uwansa zuwa Libiya neman abin kai, sannan ya komo gida yana wasa a wuraren biki.

Akwai wani babi na tarihinsa da marubutan waje kan tsallake da sauri, alhali shi ne ya fi shafar mai karatun Hausa. A 2008 Mdou ya tsallaka iyaka ya je Sakkwato, ya shiga ɗakin naɗar waƙa irin wanda mawaƙan finafinan Hausa ke aiki da shi. A can ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Kalmomin na Tamashek ne, amma ganga ta na'ura ce, muryar kuma an bi da ita ta manhajar nan mai lanƙwasa murya da siranta ta, wadda a shekarun nan ta mamaye waƙoƙin soyayya na Kano da Kaduna. Masu son kiɗan Abzinawa tsantsa suna iya ganin wannan gauraye a matsayin ɓata miya. Samari da ƴan mata dai ba su ga haka ba. A lokacin babu kamfanin da ya buga kundin, babu shagon da ya sayar da shi, amma ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da ƙananan katunan ajiya, irin waɗanda ake cika wa mutum da waƙoƙi a rumfar cajin waya ranar kasuwa. Mai waƙar bai samu ko dala ba daga wannan yaɗuwa. Abin da ya samu shi ne suna, suna kuwa shi ke kawo gayyatar biki.

Ta wannan hanya ce wata waƙarsa, Tahoultine, ta isa Kidal a arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ke tattara waƙoƙi daga wayoyin jama'a. Ya sa ta cikin faifan Music from Saharan Cellphones da ƙaramin kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. Daga nan aka samu kundin Afelan a 2013, sai fim a 2015 mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki.

Abin da Amurkawa ke kira kiɗan rok mai zaman kansa shi ne wanda ƙananan kamfanoni ke bugawa, mawaƙi ya rubuta waƙarsa da kansa, ƙungiya ta yi ta zagaya garuruwa cikin mota guda tana wasa a ƙananan zauruka. Wanda ya saba da bikin ƙauye da janareto bai sha wuyar gane wannan rayuwa ba. Ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jita mai kauri. An naɗi Ilana a birnin Detroit, ya fito a 2019, sannan kamfanin Matador na birnin Niyok, ɗaya daga cikin manyan gidajen wannan kiɗa, ya ɗauke su. Ƴan jarida suka riƙa kwatanta shi da Jimi Hendrix, wataƙila don duk su biyun bahagwai ne. Kwatancen ya yi arha, domin saurin yatsunsa da yadda ganga ke ƙara wuta a ƙarshen waƙa sun fi kusa da takamba da filin biki.

Kundin Afrique Victime ya fito a watan Mayu na 2021, wata biyu bayan da ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, tsakanin ƙasarsa da ƙasar Sanam. Tun daga nan waƙoƙin soyayya suka ragu a bakinsa. A Funeral for Justice na 2024 ya fuskanci Faransa kai tsaye, ya kuma yi kira ga mutanensa da kada su saki harshen Tamashek. A hirarrakinsa yakan kawo zancen yuraniyom ɗin Arlit da ake haƙa tun 1971 alhali ƙauyuka da yawa na kwana cikin duhu.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, Abzinawan uku suka rasa hanyar komawa gida, sai da masoyansu suka yi karo-karo don ɗaukar nauyin zamansu. A cikin wannan jira ne suka shiga wani ɗakin naɗa a Niyok, suka sake rera waƙoƙin kundin nasu da jita marar lantarki da kayan kiɗan hannu, a hankali, kamar hirar dare a bakin tanti. An fitar da shi a watan Fabrairu na 2025 da sunan Tears of Injustice.