Barcin Gaiwa: Tarihin Barcin Kwamfuta da Batirin da Ke Ƙarewa a Hanyar Sabon Birni

Ma'aikacin da ya cika batirin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a birnin Sakkwato, ya rufe murfinta, ya sa ta a jaka, ya bi hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, yana tafe ne da zaton cewa na'urar ta yi barci, cajin da ya tara kuma yana nan yana jiransa. Sau da yawa idan ya buɗe jakar sai ya tarar da ita da zafi kamar an shanya ta a rana, batiri ya ƙare, rahoton da bai adana ba ya salwanta. Idan aka tambaye shi yaushe abin ya soma, amsar takan zama ɗaya: tun ranar da Windows ta sabunta kanta.

A garin da wuta ba ta yankewa, wannan ɓacin rai ne na ɗan lokaci. A Isa da Sabon Birni, inda caji kan dogara da janareto ko sola, kuma kuɗin fetur ya ninka tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, asarar aikin yini ce. Matsalar tana da tarihi na fiye da shekara talatin, kuma a cikinsa maganinta yake.

Daga hannun ƙera zuwa hannun manhaja

A 1992 kamfanonin Intel da Microsoft suka fito da tsarin APM, wanda ya danƙa sarrafa wutar kwamfuta a hannun BIOS, wato ƙaramar manhajar da maƙera ke dasawa a jikin na'ura. BIOS ce ke yanke lokacin da za a kashe allo ko a tsayar da faifai, alhali ba ta san aikin da mai na'urar yake yi ba. A watan Disambar 1996 kamfanonin biyu tare da Toshiba suka kawo ACPI, wanda ya mayar da wannan iko ga babbar manhaja. Tun daga ranar, barcin kwamfuta ya zama yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: BIOS, da Windows, da ƙananan manhajojin da masu gyara ke kira direba, waɗanda ke magana da allo da katin intanet da sauran sassa. Ɗaya ya saɓa alkawari, barci ya lalace.

ACPI ya jera matakai daga S0, wato farke, zuwa S5, wato kashe. Biyu daga ciki su ne suka shafi kowa. A S3 ana kashe kusan komai, a bar ma'ajiyar wucin gadi ta RAM kaɗai tana shan 'yar wuta don kada ta manta abin da ake ciki. A S4 kuwa, wanda allo ke nunawa da sunan Hibernate, ana kwafe duk abin da ke RAM zuwa faifai, cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan a yanke wuta ɗungurungum. Turawa sun aro sunan daga dabbobin da ke kwanciya tsawon hunturu. Masuntan fadamun Rima sun san misalin da ya fi kusa: gaiwa, wadda idan tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta kwanta ba ci ba sha har ruwa ya dawo. Windows 2000 ce ta mayar da wannan dogon barci abin da ke cikin manhajar kanta, kuma shekaru da dama shi ne abin dogaron matafiya. Ko an cire batiri, aikin yana nan.

Lokacin da waya ta zama abin koyi

Zuwan iPhone a 2007 da iPad a 2010 ya sauya abin da masu saye ke nema. Suna son na'ura ta farka nan take, saƙonni sun riga sun sauka. Windows 8, wadda ta fito a watan Oktoban 2012, ta amsa da abu biyu. Na farko shi ne Fast Startup: idan aka kashe kwamfuta, ba a kashe ta duka, ana adana zuciyar manhajar da direbobinta a faifai don tashi ya yi sauri. Na biyu shi ne wani sabon barci da na'ura ba ta barin matakin S0, sai dai ta rage shan wuta tana leƙa intanet lokaci zuwa lokaci. Windows 10, ta watan Yulin 2015, ta faɗaɗa shi da sunan Modern Standby. Shi kuwa dogon barci, sai aka ɓoye shi daga jerin zaɓin kashewa; wanda bai san da shi ba, ba zai gan shi ba.

Sabon tsarin barcin zomo ne, ido buɗe. Yana aiki ne kawai idan kowane direba ya amince ya yi shiru. Microsoft da kanta ta ɗanɗana kuɗarsa: kwamfutocinta na Surface Book da Surface Pro 4, da suka fito a ƙarshen 2015, sun yi ƙaurin suna wajen zafi cikin jaka da shanye batiri, har sai da aka fitar da gyara a watan Fabrairun 2016. Shekara goma bayan haka, a watan Janairun 2026, kamfanin ya amince cewa wata sabuntawar tsaro ta sa wasu kwamfutoci masu Windows 11 sun ƙi mutuwa ko shiga dogon barci, sai su sake tashi.

Zaton da bai yi daidai da ƙasar Gobir ba

An gina sabon barcin bisa zato biyu: akwai soket kusa, akwai intanet koyaushe. Gabashin Sakkwato ya ga rushewar na biyun ƙarara. A watan Satumban 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, domin yaƙi da 'yan bindiga. Kimanin makonni biyu bayan haka, ranar 5 ga Oktoba, Microsoft ta saki Windows 11. A lokacin da duniya ke sauke sabuwar manhaja, mutumin Sabon Birni yana neman inda zai tsaya wayarsa ta kama layin Nijar.

Ko ba a rufe layi ba, raunin intanet yana da illarsa. Kwamfutar da ta yi watanni ba ta hau intanet mai ƙarfi ba takan tara sabuntawa, ranar da ta shiga Sakkwato sai duk su sauka lokaci guda. Wasu sukan jira a sake kunna na'ura kafin su kammala. Mai ita kuwa ya rufe murfi ya kama hanya, aiki bai ƙare ba.

A nan ya kamata a rarrabe na'urori iri biyu. Yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu da ake shigo da su daga Turai da Amurka suna amfani da S3, kuma sabuntawa ba ta sauya musu nau'in barci, domin BIOS ce ke ƙayyade shi. Abin da take yi shi ne maye direban allo ko na katin intanet da wanda bai dace da tsohon ƙarfe ba, ko mayar da saitin wuta yadda yake tun farko, ko sa wa na'ura ƙararrawar farkawa don girka wani abu. Sababbin kuwa, masu Modern Standby, direba ɗaya da ya ƙi kwanciya ya isa ya hana su hutawa har batiri ya mutu.

Abin da tarihin ya bari a hannu

Kayan binciken duk suna cikin Windows, ba sa bukatar intanet. Umarnin powercfg /a yana nuna irin barcin da na'ura ta iya. Umarnin powercfg /lastwake yana faɗin abin da ya tashe ta a ƙarshe, powercfg /requests kuma abin da ke hana ta kwanciya. A na'urori masu sabon tsari, powercfg /sleepstudy yana fitar da rahoton abin da ya sha batiri yayin barci. Idan direba ne ya saɓa, ana iya mayar da shi tsohonsa ta Device Manager. Bayan kowace sabuntawa, sake kunnawa ta Restart ya fi kashewa da kunnawa, domin Fast Startup kan dawo da tsohuwar tangarɗa yadda ya adana ta.

Mafi amfani duka shi ne dawo da dogon barci. Umarnin powercfg /h on yana kunna shi, sannan a saitin wuta a zaɓi cewa rufe murfi ya kai na'ura S4. Kuɗin da za a biya shi ne wuri a faifai da 'yan daƙiƙoƙi na jira wajen farkawa.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2018. Sannu a hankali tsofaffin kwamfutoci masu S3 za su kau, masu barcin zomo su maye gurbinsu a ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitoci da makarantun Isa da Sabon Birni. S4 dai yana nan a cikinsu yadda aka tsara shi a 1996. Ga wanda ke tsakanin caji da caji na kwana biyu, shi ne kaɗai barcin da ba ya cin ko kwabo na wutar da ya saya.