Ƙotar Bindigar Toka: Tarihin da Man Kaɗe Ya Adana



A yau idan aka ce "'yan bindiga" a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, gaban mutum faɗuwa yake yi. A ƙarni na 19 kuwa, sunan wani rukunin dakarun sarki ne, har da sarautar Sarkin Bindiga. Bindigar da suka riƙa ita ce ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, mutane ke mata kirari da harba-ka-ruga.

Asalinta baƙuwa ce. Fataken Turai ne suka riƙa sauke irinta a gaɓar teku, cikinsu har da 'yan ƙasar Denmak masu sansani a Ankara ta Gana, wasu kuma suka biyo ayarin Sahara. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani zuwa yankinmu, ta bar ƙofa ga irin wannan tsohuwar. Shi ya sa a ranar 15 ga Maris 1903, a Giginya, mayaƙan Sakkwato suka fuskanci bindiga mai jigida da dawaki da masu da baka, sai 'yan bindigogi ƙalilan.

Ƙarfen na iya zama na waje, amma ƙota kan koma ta gida. Itacen Turai bai saba da yanayinmu ba: damina ta kumbura shi, hunturu ya tsotse shi har ya tsage, gara kuma tana jira. Idan ƙota ta lalace, wurin masassaƙi ake zuwa, wanda ke sassaƙa turmi da ƙotar gatari, ya nemo itace mai tauri irin su maɗaci ko madobiya. Daga baya maƙeranmu suka iya ƙera ƙarfen ma da kansu.

Bayan sassaƙa sai a kankare itacen ya yi santsi, wani ya yi masa zane da ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa ƙwarya. Daga nan sai shafe. Man kaɗe ko man gyaɗa yana shiga ƙananan kafofin itace ya toshe su, danshi ya rage shiga da fita. A Amurka, masu ƙera doguwar bindiga a Fensilfeniya a ƙarni na 18 sun yi amfani da itacen mapul, suna shafa masa man da ke daskarewa ya zama ɓawo. Namu man ba ya daskarewa haka, don haka shafen ba ya ƙarewa. Mai bindiga ne zai ci gaba da yi, hayaƙin ɗaki da zufar hannu su ƙara mata duhu, a naɗa fata inda ta tsage, a ɗaura laya. Wanda ya san abin, da ganin ƙota zai gane ko an kula da ita, da kuma kafaɗar da ta saba hawa.

Ga abin da ya shafe mu. Ruwayar baka tana danganta kafuwar Kwatarkwashi da mafarauta, kuma duwatsun Tsafe sun san farauta tun kafin a kafa Gusau. Amma a labaranmu na yanzu bindiga ɗaya ce tak, ta ɓarayin daji. Idan muka bar maharbi da ɗan ta'adda cikin suna ɗaya, mun zalunci kakanninmu, masu karatunmu kuma za su ɗauka Zamfara ba ta taɓa sanin bindigar da ake gado ana shafa mata mai ba.

Tsofaffin masassaƙa da mafarauta suna ƙarewa. Mai son rubuta labarin daji ya je ya zauna da su, ya tambayi sunan itacen, da man, da watan da ake sara. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.