Bitamin D: Abin Da Sunan Ya Ɓoye

Kalmar bitamin tana kwantar wa Bahaushe da hankali. In likita ya ce ga maganin hawan jini ko na suga, majiyyaci zai tambayi sau nawa zai sha, kafin abinci ko bayan abinci, kuma har zuwa yaushe. In kuwa aka ce bitamin ne, shi ke nan, tambaya ta ƙare. Mun riga mun ajiye kalmar a sahu ɗaya da “ƙarin jini” da “ƙarin kuzari”, abubuwan da ake ganin in ba su amfana ba, ba za su cutar ba. Ga bitamin C da galibin dangin B wannan zato bai cika jawo babbar ɓarna ba, domin a ruwa suke narkewa, rararsu ta bi fitsari. Shi kuwa bitamin D a maiƙo yake narkewa. Jiki yana adana shi cikin kitse, rararsa ta yi ta taruwa mako bayan mako. Shi ya sa nake ganin duk baligin da aka ce yana da ƙarancinsa, kafin ya haɗiyi ƙwayar farko, ya kamata ya san sunayen da ke jikin kwalin da inda suka samo asali.

Tun ranar suna aka samu tangarɗa. A 1912 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, yana bincike a Landan kan cutar beriberi, wadda ke kama masu dogaro da farar shinkafar da aka cashe tas. Ya fahimci cewa akwai wani abu ɗan mitsitsi a dusar shinkafa wanda rashinsa ke kawo cutar. Sai ya ɗauko vita, wato rai a harshen Latin, ya haɗa da amine, sunan wani dangin sinadarai, ya kira abin vitamine. Daga baya aka gano cewa yawancin irin waɗannan abubuwa ba ’yan wannan dangi ba ne, amma suna ya riga ya bi gari. A 1920 Jack Drummond na Ingila ya ba da shawarar a cire harafin ƙarshe a ci gaba da amfani da sauran. Wannan guntun sunan ne ya iso gare mu, bakinmu ya mayar da shi bitamin.

Harafin D ɗin ba farkon wata kalma ba ne, lambar layi ce kawai. A lokacin da hayaƙin masana’antu ya rufe biranen Turai, yara da yawa ƙashinsu yana laushi, ƙafafunsu su lanƙwashe. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da wannan cuta a jikin ’yan kwikwiyo, aka zaci bitamin A da ke cikin man ne ke aikin. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya dafa man yana hura masa iska har bitamin A ɗin ya lalace, amma duk da haka man ya ci gaba da gyara ƙashi. Ashe akwai wani abu dabam a ciki. An riga an raba A da B da C, sai na huɗu ya ɗauki D.

A shekarar 1919 ɗin dai, wani likita a Balin ta Jamus, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara masu wannan cuta ta hanyar haska musu wata irin fitila, ba tare da sun sha komai ba. Nan ne sunan ya fara warwarewa. A ƙa’ida, bitamin shi ne abin da jiki ba ya iya ƙerawa, sai ya samo daga abinci. Wannan kuwa fatar mutum ce ke ƙera shi idan hasken rana ya taɓa ta. Daga fata ya wuce hanta ta sauya shi, daga hanta ya wuce ƙoda ta sake sauya shi, sannan ya zama ɗan aike mai umartar hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci ya kai jini. Abin da ke irin wannan aiki masana homon suke ce masa. Da tun farko an kira shi da wannan suna, ban yi zaton mutane za su riƙa sayensa a kemis suna watsawa a baki ba tare da tambaya ba.

Mu ma muna da kalmarmu da ta girmi duk waɗannan, wato shan hantsi. Tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an fito da jariri ya sha ɗumi, ba wanda ya san sunan Funk. Sai dai hasken da ke wannan aiki ya fi yawa idan rana ta ɗaga har inuwar mutum ta fara gajarta. Na sassafe kaɗan yake bayarwa, kuma ba ya ratsa gilashin taga ko na mota. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta ƙera daidai gwargwado. Don haka ba abin mamaki ba ne a samu ƙaranci a ƙasar da rana ba ta fashi: ma’aikacin da ke fita daga gida zuwa mota zuwa ofis, matar da ke zaune a gidan zamani da aka rufe ko’ina ba tsakar gida, tsohon da ciwo ya kwantar a ɗaki, mai ƙiba da kitsensa ke riƙe abin. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Afirka, ya samu kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da ma’aunin da ake ɗauka isasshe.

A jikin kwali za ka ga D2 ko D3, ba za ka ga D1 ba, domin abin da aka fara ba wannan lamba an gano gauraye ne na abubuwa biyu, aka watsar da sunan. Cikakkun sunayen D2 da D3 duk suna ƙarewa da calciferol, ma’ana mai ɗauko kalsiyam. D2 shi ne ergocalciferol, daga sunan wani naman gwari da ke kama hatsi, kuma daga yisti ake sarrafa shi. D3 shi ne cholecalciferol, farkon sunan daga kalmar Girkanci ta matsarmama, saiwa ɗaya da kolestarol. Shi ne irin wanda fatarmu ke yi, kuma yawancin na kasuwa daga maiƙon gashin tumaki ake fitar da shi. Dukansu suna magance ƙaranci, sai dai D3 ya ɗan fi ɗaga ma’aunin jini ya kuma fi daɗewa.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne wasu sunaye biyu masu kama da waɗannan: calcitriol da alfacalcidol. Duk suna ɗauke da “calci”, duk ana iya jin an ce musu bitamin D, kuma a kemis ana iya jera su a kanta ɗaya. Amma calcitriol shi ne ɗan aiken nan da ƙoda ta gama ƙerawa, alfacalcidol kuwa mataki ɗaya ya rage masa, a hanta. Ƙoda ita ce mai gadi: in kalsiyam ya isa a jini, sai ta rage kunna bitamin D ɗin da aka sha. Waɗannan biyun sun tsallake mai gadin. An yi su ne domin masu ciwon ƙoda mai tsanani da masu wasu cututtuka na musamman, ana ba da su a awo ƙanƙani, kamar rubu’in maikirogiram, ana kuma bin jinin mai shan su a kai a kai. Mai ƙaranci na yau da kullum, wanda ƙodarsa ke lafiya, ba su ne maganinsa ba, ba kuma su ne za su cika masa rumbun da ya yi ƙasa ba. In an rubuta maka cholecalciferol, mai kemis ya ce babu amma ga wani “duk ɗaya ne”, to, ka duba sunan harafi-harafi.

Sai batun awo, wanda shi ma yake da suna biyu, kamar kasuwar da wani ke auna hatsi da mudu wani da tiya. Wasu kwalaye suna rubuta IU, awon ƙasa da ƙasa na ƙarfin aikin magani. Wasu suna rubuta mcg ko µg, wato maikirogiram, awon nauyi. Maikirogiram 1 daidai yake da IU 40. Saboda haka 10 mcg shi ne IU 400, 25 mcg shi ne IU 1,000. Kada a rikita mcg da mg, domin miligiram 1 ya ninka maikirogiram sau 1,000. Hukumomin lafiya a Amurka sun sa buƙatar baligi a IU 600 a rana, wanda ya haura shekara 70 kuma IU 800, sannan iyakar da ba a so mutum ya wuce da kansa ita ce IU 4,000 a rana.

To ina matsayin kafson bitamin D mai IU 50,000? Shi na cika rumbu ne ga wanda gwaji ya tabbatar yana da ƙaranci. Galibi ƙwaya ɗaya ake sha a mako, na tsawon mako 6 zuwa 8, sannan a sauko zuwa ƙaramin awo na kullum, wajen IU 800 zuwa 2,000. Ana shan sa tare da abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki sosai. Haɗarin shi ne mun saba magani kullum ake sha, safe da yamma. Wanda ya mayar da “sau ɗaya a mako” ya zama “sau ɗaya a rana” ya sha IU 350,000 a mako guda. Wanda ya ji daɗin jikinsa ya ci gaba da saye wata da watanni bayan wa’adi ya cika, shi ma hanyar ɗaya ce. Kalsiyam zai yi yawa a jini, sai tashin zuciya da amai, ƙishirwar da ba ta yankewa, yawan fitsari, taurin bayan gida, kasala da ruɗewar tunani, daga nan tsakuwar ƙoda ko lalacewar ƙodar gaba ɗaya. A yankin Kashmir na Indiya likitoci sun ba da rahoton tsofaffin da aka kwantar a wannan hali bayan an yi ta yi musu allurar IU 600,000 saboda ciwon baya da na gaɓoɓi. A Ostareliya, wani gwaji da aka buga a 2010 ya nuna cewa tsofaffin matan da aka ba IU 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi waɗanda ba a ba su ba faɗuwa da karaya. Wannan cholecalciferol ɗin dai, a awo mai yawa, da shi ake haɗa wani nau’in maganin ɓera. Rana kuwa ba ta jawo wannan guba, domin fata tana dakatawa da kanta in abin ya isa.

Takardar gwaji ma tana da nata sunayen. Abin da ake aunawa shi ne wanda hanta ta sauya, ana rubuta shi 25(OH)D. Wani ɗakin gwaji yana ba da sakamako a ng/mL, wani a nmol/L, kuma sai ka ninka na farkon sau biyu da rabi ka samu na biyun. Lamba 30 a ng/mL lafiya lau ce, lamba 30 a nmol/L kuwa bakin ƙaranci ce. Ƙasa da 12 ng/mL kusan kowa ya yarda ƙaranci ne mai buƙatar magani, 20 kuma ya ishi yawancin mutane. A 2011 ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta ce a nemi 30, amma a 2024 ta janye daga tsayawa kan wannan lamba. Don haka in takardarka ta nuna 24 ng/mL aka ja mata jan layi, wannan bai isa hujjar afka wa kafson IU 50,000 ba.

A bakinmu, ciwon ƙugu da na cinya da kasalar da ke hana mace miƙewa daga tabarma sai ta dafa ƙasa, duk “sanyin ƙashi” ne. Wani lokaci laushin ƙashi ne na gaske, wanda likitoci ke kira osteomalacia, daga kalmomin Girkanci na ƙashi da laushi, kuma bitamin D yana warkar da shi. Sau da yawa kuwa wani abu ne dabam da wannan magani ba zai taɓa ba, gwaji ne kawai zai raba gardama. Ko a inda ƙashin ya yi laushi, ba kullum bitamin D ne ya gaza ba. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa sun buga binciken da suka yi a Jos kan yara 123 masu lanƙwasasshiyar ƙafa, inda suka samu cewa waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Sunan calciferol ɗaukowa yake nufi, in babu kalsiyam a abinci babu abin da zai ɗauko. Nono da kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna da muhimmanci a nan. Haka kuma wanda ke shan ƙwayar “maganin ƙashi” ya duba, domin da yawansu haɗin kalsiyam ne da D3, sai a lissafa su cikin abin da ake sha.

Akwai waɗanda ko ƙaramin awo sai da sanin likita: mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, mai tarin fuka, mai shan digoxin na zuciya, da mai shan hydrochlorothiazide, wanda ke cikin magungunan hawan jini da yawa a wurinmu kuma yake rage fitar kalsiyam ta fitsari. Mai juna biyu kada ta ɗauki babban awo da kanta. Wasu magungunan farfaɗiya kuwa suna saurin ƙarar da bitamin D, mai shan su yana iya buƙatar fiye da saura. Bayan kammala babban awo, ya dace a duba kalsiyam ɗin jini wajen wata guda.

Roƙona ga likitoci da ma’aikatan jinya da masu kemis shi ne su daina sallamar mutane da “ai bitamin ne kawai”. In kafson IU 50,000 ne, a kira shi magani, a rubuta a jikin leda da Hausa: ƙwaya ɗaya ranar Juma’a, mako takwas, sannan a daina a dawo asibiti. Kai kuma mai saye, kada ka bar gaban kanta sai ka ga lambar NAFDAC, an karanta maka cikakken sunan, an faɗa maka awonsa, an kuma gaya maka ranar da za ka tsaya.