Intafiron: Garkuwar Farko a Jikin Kyanwa

Intafiron sinadari ne da ƙwayoyin jiki ke fitarwa da zarar bairos ya shige su. Aikinsa na mai shela ne: yana sanar da ƙwayoyin da ke kusa su ƙera abin da zai hana bairos hayayyafa. Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957.

Amma fa shi kaɗai bai isa ba. Cutar fanlukofeniya kan kashe 'yan kyanwa cikin kwanaki, da amai da gudawa. Mai ajiye kyanwa saboda ɓera a sito, a Unguwar Sarki ko a gona, ya kai ta likitan dabbobi rigakafi tun tana mako 8. A ware wadda ta kamu, kuma kada a ba ta farasitamol, guba ne gare ta.