Wankan Jego a Nima

Matan da suka biyo fataken goro da shanu zuwa Akra sun zo da wankan jego, amma sun baro iyayensu mata a Kano da Sakkwato. Shi ya sa a unguwannin Nima da Mamobi na Akra tsohuwar gidan haya ce ke hura wuta da asuba, ta tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa, ta dama kunun kanwa har kwana 40. Masu sukar wannan al'ada suna da hujja: a shekarun 1970 likitocin Zariya sun danganta kanwa da zafin wankan da ciwon zuciyar masu jego. To, a rage kanwar, a sirka ruwan. Amma haihuwa kyauta da Gana ta soma a 2008 ba ta raka mai jego gida, maƙwabciya ke raka ta. Ungozomomin asibiti su koyar da waɗannan tsofaffi, kada su kore su.