Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Yaƙi da Kurkunu

Daga cikin cututtukan da suka daɗe suna addabar talakan karkara, kaɗan ne suka kai kurkunu naci. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta kuma da maganin sha. Saboda haka tarihin yaƙi da ita ya cancanci mu yi nazarinsa, domin ba likitoci kaɗai suka ci wannan yaƙi ba.

Tun wajen shekarar 1870 wani masanin halittu ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano cewa wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Idan mutum ya sha ruwan kududdufi, sai bayan kusan shekara guda tsutsar ta ɓullo masa, galibi a ƙafa, tsawonta kan kai mita guda. Zafi ya sa ya tsoma ƙafar a ruwa, ita kuwa ta zuba 'ya'yanta. Wannan sani ya daɗe a kwance a wurare da dama, alhali manoma na kwanciya a daidai lokacin aikin gona.

A shekarar 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta masu cutar miliyan 3.5 a Afirka da Asiya. Binciken da aka fara a Nijeriya a 1988 ya gano fiye da mutum 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Daga nan aka yi gayya. Masana labarin ƙasa suka zana taswirar ƙauyukan da cutar take, injiniyoyi suka haƙa rijiyoyin burtsatse, masana sinadarai suka ba da maganin da ake zubawa a tafki. Masaƙu suka samar da ƙyallen nailan na tace ruwa. Amma ƙyalle ba ya tace kansa: sai da malaman lafiya da dagatai da 'yan sa-kai na ƙauyuka suka shawo kan jama'a, domin da yawa sun ɗauka cutar a jini take. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. A Sudan kuwa, a 1995, har tsagaita wuta Jimmy Carter ya samo domin ma'aikata su shiga yankunan yaƙi.

An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Enugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da cutar. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya, ko da yake ɓullarta a jikin karnuka a Chadi ta jawo likitocin dabbobi cikin gayyar.

Mu da muke jami'a, inda kowane sashe ke rufe ƙofarsa, ya kamata mu lura: ilimin Fedchenko bai amfani manomi ba sai ranar da ya haɗu da na injiniya da na dagaci.